Ga teɓa a jikina, amma ƙarfina na ƙarewa a tsakiyar gudu

Mai_Teɓa:
Assalamu alaikum jama'a. Da sassafe nake fita gudu, cikina wayam, don in rage ƙiba. Da farko lafiya lau, amma in na kai wajen awa ɗaya da rabi sai ƙafafu su yi min nauyi, jiri ya ɗebe ni. Abin da ya ɗaure min kai, ga kitse nan jibge a cikina, me ya hana jiki ya ƙona shi?

Tsohon_Ɗan_Tsere:
Wa alaikumus salam. Yana ƙona shi mana, ɗan'uwa, sai dai kitse ba ya sauri. Giram ɗaya na kitse na ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal, amma kitse ya fi cin iskar oksijin, kuma a hankali yake sakin ƙarfinsa. Kamar gungumen itace yake, sitaci kuma karmami. In tafiya kake a hankali, kitse na ɗaukar kaso mai tsoka na aikin. Da ka ƙara wuta har ka fara haki, sai tsoka ta koma kan sukarin da ta adana, wato gilaikojin.

To shi ne ba shi da yawa: wajen giram 400 a tsokoki, wajen 100 a hanta. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai ƙarfi ya isa ya kusa cinye shi. Shi ya sa masu gudun fanfalaki na kilomita 42 sukan sare a wajen kilomita 30. Kai kuma ka ƙara wa kanka, domin na hanta ya riga ya ragu cikin dare, ga shi da shi ake ciyar da ƙwaƙwalwa. Na tsoka ba ya komawa cikin jini. In na hanta ya yi ƙasa sai sukarin jini ya sauka, wataƙila jirin nan daga nan yake.

Ƴar_Keke:
Ni dai na ɗauka sinadarin laktik ne ke taruwa a ƙafa. Haka aka koya mana.

Tsohon_Ɗan_Tsere:
Ƴar'uwa, wannan a gajeren gudu mai tsanani yake hauhawa, kuma cikin kamar awa ɗaya da tsayawa ya sauka. Zuciya ma da wasu tsokoki suna amfani da shi a matsayin makamashi. An daɗe ana ɗora masa laifin da ba nasa ba, har da ciwon jikin washegari.

Mai_Teɓa:
Na gode, Yaya. To in na ci abinci kafin in fita, ba na ɓata shirin rage ƙibar ba kuwa?

Tsohon_Ɗan_Tsere:
Ko kaɗan. Raguwar ƙiba lissafin abin da ka ci da abin da ka ƙona ne a tsawon makonni, ba na safiya ɗaya ba. Ka ci wani abu mai sitaci mara nauyi kafin ka fita. In gudun zai wuce awa ɗaya, ka riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa, da ruwa. Amma in kana da ciwon suga, ko jirin na zuwa da ciwon ƙirji, ka dakata tukuna ka ga likita.