An sa min raga ba a faɗa min illarta ba: akwai wadda ta shiga irin wannan?

Maman Uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina haɗiye maganar nan. Bayan haihuwata ta uku, da na yi tari ko atishawa sai fitsari ya zubo, alwala ba ta zama. A 2016 aka yi min tiyata a nan Ingila, aka sa min 'yar siririyar ragar roba ta tokare hanyar fitsari. Takardar amincewa da safiyar ranar aka miƙo min, ina sanye da rigar asibiti, ba ci ba sha tun dare, nas tana tsaye tana jiran biro. Na sa hannu. Ba wanda ya ce min ragar tana iya cin nama ta fito ta gaba, ko cewa cire ta ba wasa ba ne. Yau zaman tahiya ya gagare ni, a kan kujera nake sallah, ciwon kamar ana jan waya a matsematsina. Tsakanina da maigida kuwa, sai dai haƙuri. Wai sa hannun nan da na yi ya rufe min baki ke nan?

Anti Ungozoma: Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Bai rufe ba. Sa hannu daban, amincewa daban. Tun 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke wannan a shari'ar Nadine Montgomery, mai ciwon suga da ba a gaya mata haɗarin kafaɗar jariri ta maƙale wurin haihuwa ba, ɗanta ya samu naƙasa. Kotu ta ce wajibi ne likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali a matsayinki zai ɗauka da muhimmanci, ya kuma faɗi sauran hanyoyin magani. Naki aikin bayan hukuncin aka yi shi. An fara tura ki wajen masu koyar da motsa tsokar ƙasan mara? Wata uku ake so a gwada kafin a yi zancen wuƙa.

Maman Uku: Wallahi Anti, ko ambatonsa ba a yi ba.

Uwar 'Yan Biyu: Ni mahaifa ce ta sauko, ina jin ta kamar ƙwai a gabana in na daɗe a tsaye. Likitata ta zana min hoto a takarda, ta ce ga zobe da ake sawa ya riƙe, ga ɗinki da naman jikina, ta ce in je gida in yi shawara. Na zaɓi zobe, shekara huɗu ke nan. Na faɗi ne don ki san abin da ya kamata a yi miki.

Hajiya Babba: 'Yata, abin da ya fi ƙona min rai a nawa shi ne shekara uku ina zarya ana ce min shekaru ne, ko damuwa ce. Sai da wata likita ta duba ta taɓo ragar da yatsa. An cire wani ɓangare, sauran ya manne da nama. Ciwon ya ragu, amma zubar fitsarin ta dawo. Ranar da rahoton Baroness Cumberlege, wadda gwamnati ta sa ta binciki illar raga, ya fito a Yulin 2020 yana cewa an ƙi sauraron mata, kuka na yi, don labarina ne. Ki duba, tun Yulin 2018 aka dakatar da irin aikinki a Ingila, a Afrilun 2019 kuma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta hana sayar da ragar da ake sawa ta gaba don saukowar mahaifa. Ki nemi likitanki ya tura ki cibiyar masu matsalar raga ta NHS, hukumar lafiya ta gwamnati.

Anti Ungozoma: Kuma kada ki yi sanya. A Ingila shekara uku ce wa'adin shigar da ƙara, daga ranar aikin ko ranar da kika gane cewa shi ne ya cutar da ke. Lauya ne zai tantance wacce ce taki. Ki rubuta ki nemi fayil ɗinki gaba ɗaya, har da takardar da kika sa wa hannu da sunan ragar.

Maman Uku: Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai bara aka fara ce min ragar ce. Yau da daddare zan rubuta takardar neman fayil ɗin. Hajiya, da aka cire miki, wata nawa kika yi kafin ki iya durƙuso?