Taƙaitawa: gurguzu da kwaminisanci a tunanin 'yan haɗin kan Afirka

An yi muhawara kan bambancin gurguzu da kwaminisanci da yadda 'yan haɗin kan Afirka suka ɗauke su. Muhawarar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya ce mu daina cakuɗa kalmomin, tunda a bakinmu "gurguzu" kan haɗiye duka biyun. A koyarwar Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, gurguzu zango ne: gwamnati na nan, kowa na samu gwargwadon aikinsa. Kwaminisanci shi ne ƙarshen tafiya, ba ajin masu shi da na marasa shi, ba gwamnati, kowa gwargwadon buƙatarsa.

2. An rabu a kan Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko. Wasu sun ce Ujamaa, wato tsarinsa na gurguzu, da sanarwar Arusha ta 1967 da ta shimfiɗa tsarin, sun nuna gurguzu na da saiwa a zaman gayyar Afirka. Wasu suka ja, suka kawo Nkrumah, shugaban Ghana na farko, wanda bayan juyin mulkin da aka yi masa a 1966 ya soki "gurguzun Afirka", ya ce akwai masu shi da marasa shi a nahiyar, ba a wayi gari kowa ɗaya ba. Ni dai hujjar nan ta fi kama ni.

3. Shawarar da aka fi nanatawa: a bambance aƙida da biyayya ga Mosko, wato Tarayyar Sobiyat. Misali, George Padmore, ɗan gwagwarmayar haɗin kan Afirka, ya yi wa ƙungiyar kwaminisanci ta duniya aiki, ya rabu da ita, amma bai koma jari-hujja ba.

4. Masu kare kwaminisanci sun tuna sojojin da Kuba ta kwaminisanci ta tura Angola daga 1975, da ƙawancen ANC, jam'iyyar da ta yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, da jam'iyyar kwaminis ta ƙasar. Aka mayar musu da Habasha a hannun Mengistu, mai mulkin kama-karya da sunan kwaminisanci.

Batun addini an taɓo shi, ba a daidaita ba.