Ran da ke cikin ciyawa, Ruhun Allah ne?

Saratu: Jama'a, wa ya je Raudat Khuraim, filin nan na hamada a wajen Riyad, bayan ruwan nan? Wurin da ke ƙeƙashe ya koma kore shar. Ni dai na yarda, ran da ke tasowa cikin ciyawar nan Ruhu Mai Tsarki ne da kansa. Tunda babu majami'a a ƙasar nan ta Saudiyya, duk wanda ya fita daga Riyad ya zauna yana duban halitta, ya yi sujada ke nan, kuma zai yi girma a ruhu.

Baba Ishaya: 'Yata, a hankali. Kakana ya sha yanka kaza a gindin tsamiya, hujjarsa ita ce akwai mai rai a ciki. Romawa 1:25 ta tsawata wa masu bauta wa halitta su bar Mahalicci.

Saratu: Baba, ban ce a yi wa ciyawa yanka ba. Zabura 104:30 fa? Ya aiko Ruhunsa aka halicce su, ya sabunta fuskar ƙasa.

Malam Bulus: Ki koma aya ta 29. In ya ɗauke numfashinsu, sai su mutu su koma ƙura. Kafin Yuli zafi ya haura digiri 40, ciyawar ta ƙone ƙurmus. Ruhun ne ya ƙone? Aron rai aka ba ta, wanda ya ba da aron yana nan daram. Iliya ma a Horeb ya ga iska, ya ga girgizar ƙasa da wuta, aka ce Ubangiji ba ya cikinsu.

Maman Rahila: Kada ku danne yarinyar nan, ba ita ta fara ba. Hildegard ta Bingen, baiwar Allah Bajamusa da ta rasu a 1179, ta koyar cewa koren tsiro yana nuna ikon Allah mai rayarwa, zuciyar da ta rabu da shi kuwa bushewa take yi. Sai dai ba ta zauna ita kaɗai a daji ba, gidan 'yan'uwa mata take shugabanta.

Dauda: Ku da ke cikin gari kuna da sauƙin magana. Ni a gonar dabino nake a Al-Kharj, sai in yi watanni ban ga ɗan'uwa mai bi ba. Da asuba in na buɗe ruwa a gindin itatuwa, a nan nake addu'a. Yesu ya ce a dubi furannin jeji, Matiyu 6:28. Antoni na Masar, bawan Allah na zamanin dā, ma shekaru ya yi a hamada shi kaɗai.

Baba Ishaya: Ɗana, addu'arka karɓaɓɓiya ce, ba na ja. Amma Yesu ya nuna furannin ne don a dogara ga Uban da ya tufatar da su. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa haƙuri da kirki da tawali'u. A kan wa za ka gwada su? Dabino ba ya zaginka, ba ya cin bashinka ya ƙi biya. Antoni ma daga baya ya fito ya koyar da masu binsa.

Dauda: Haƙuri kam, Baba, wanda ke sama da ni a gonar yana gwada mini shi kullum.

Saratu: Na janye "da kansa". Amma cewa kallon halitta ba ya ƙara wa mutum girma, wannan ban yarda ba.

Malam Bulus: Babu wanda ya ce haka. Dauda, ƙarfe nawa kake tashi aiki ranar Juma'a? Mu riƙa kiranka lokacin karatu.