Faifan Dizzy Gillespie na garmaho: me ya sa sautin ba ya fita?

Bagusaye:
Assalamu alaikum, manya. Akwai tsofaffin faifai shida a hannuna, masu inci 10, masu nauyi, na ƙungiyar Dizzy Gillespie, mai busa ƙahon kiɗan jazz ɗan Amurka, da tambarin kamfanin RCA Victor. Ɗaya an rubuta Manteca. In na ɗora a na'urar LP, wato ta faifai masu dogon zango, sai shuuu ya rufe kiɗan, masu busa kuma kamar suna jan ƙafa. Faifan ne suka mutu, ko na'urar ce?

Na Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na'urar ce, kuma matsala biyu ce. Waɗannan faifan juyi 78 suke so a minti, kai kuwa kana ba su 33. Gwada da agogo: gefe ɗaya bai wuce kamar minti uku ba, in ya kai bakwai to gudun ne. Sai allura. Bakin ta LP mil 0.7 ne (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci), layin faifan 78 kuwa faɗi gare shi, mil 2.5 zuwa 3 yake so. Siririyar allura can ƙasan layin take faɗawa, inda babu komai sai datti, shi ne shuuu ɗin da kake ji. Nemi wadda aka rubuta 78 a jikinta, ka mayar da na'urar mono, wato sauti ta hanya ɗaya.

Ɗan Argungu:
Don Allah kada sifirit ya taɓa su. Da ƙaron shelak aka yi su, sifirit narkar da shi yake yi. Tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa ya isa. Bi layin da burushi mai laushi, kada takardar tsakiya ta jiƙe, a bar shi ya kwana ya bushe. A jera su a tsaye cikin riga, saboda ƙurar hunturu, kuma nesa da kwanon rufi lokacin bazara. In garmahon da ake wanawa da hannu ne, allurar ƙarfe ɗaya gefe ɗaya, sai a jefar.

Malamin Ƙaura:
Yallaɓai, ka riƙe Manteca da kyau. An ɗauke shi ranar 30 ga Disamba 1947, da Chano Pozo ɗan Kuba a kan gangar konga. Kwana biyu bayan nan ƙungiyar makaɗan Amurka ta hana ɗaukar faifai, haramcin da ya ci kusan duk 1948, Pozo kuma aka kashe shi a Harlem a Disambar shekarar. Shi ya sa aikinsu tare bai da yawa. Irin wannan haramci na 1942 zuwa 1944 ne ya sa ƙungiyar Earl Hines ta 1943, mai Gillespie da Charlie Parker, ba ta bar faifai ko ɗaya ba. Wannan rashi har yau yana da ciwo.

In ka gyara allurar, fara bin bas, babban gogen nan mai kaurin murya, wanda ke maimaita jimla ɗaya, sannan ka ji yadda saksofon da ƙahoni ke hawa kanta ɗaya bayan ɗaya. In kuma ka samu Things to Come na 1946, tambarin Musicraft, kada ka rage gudun na'ura. Da wannan saurin suka busa shi.