Wai Rumawa ne suka ƙirƙiro sunan Falasɗinu don su goge Yahudiya?

Abban Hanifa: Jama'a an turo min wani odiyo wai asalin sunan ƙasar nan Yahudiya ne, Rumawa ne suka ƙirƙiro Falasɗinu don su binne tarihin Yahudawa. Akwai ƙamshin gaskiya kuwa?

Ɗan Zazzau: Farfaganda ce zalla, kar ma ka ɓata datarka

Malamin Tarihi: A'a ɗan'uwa bi a hankali, akwai gaskiya akwai ƙarin gishiri. Yahudiya fa ba duk ƙasar ba ce, yankin tsaunuka ne da ya haɗa Ƙudus da Baitalami da Al-Khalil. Sunan daga Yahuza ɗan Annabi Yaƙub ya fito, bayan rasuwar Annabi Sulaiman masarautar ta dare biyu, Isra'ila a arewa Yahuza a kudu, Assuriyawa suka cinye ta arewa a 722 kafin haihuwar Annabi Isa, ta kudun ta lallaɓa har 586 da Bukhtanasar ya rushe Ƙudus ya tasa ƙeyar mutane zuwa Babila.

Ustaz: Malam mu dai a tafsiri mun ji Yahudu daga "hudna ilaika" ne na Suratul A'araf, wato mun tuba gare ka.

Malamin Tarihi: Haka ne Ustaz, amma masu tafsirin ma sun kawo ƙaulin Yahuza. A Ibrananci kuma ana danganta sunan da yabo da godiya. Zamanin Farisawa har a jikin tsabar kuɗi ana buga Yehud, sunan yankin a lokacin.

Maman Rifkatu: Mu a coci duk Kirsimeti sai an karanta Baitalami ta Yahudiya, ni da na ɗauka ƙasa ce guda wallahi 😅

Abban Hanifa: To maganar Rumawan fa Malam?

Malamin Tarihi: Nan ne mai odiyon ya yi daidai. Bayan sun rushe haikalin Yahudawa na Ƙudus a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa har kuɗi suka buga da hoton mace zaune gindin dabino ta yi tagumi, an rubuta an kame Yahudiya. Da aka murƙushe boren da Yahudawa suka yi ƙarƙashin Bar Kokhba a 135 sarkin Rumawa Hadrian ya kori Yahudawa daga Ƙudus, lardin ya koma Siriya Falastina, garin kuma ana kiransa Aelia. Ustaz ka tuna hadisin Hiraƙal da Abu Sufyan a farkon Bukhari, a Iliya'u suka haɗu ko? To sunan nan ne ya shigo Larabci. Amma ƙirƙirowa kam ƙarya ce, Herodotus Bagirke marubucin tarihi ya rubuta Falastina fiye da shekara 500 kafin Hadrian, daga sunan Filistiyawan bakin teku, su Gaza da Ashkelon, mutanen Jaluta.

Ustaz: Allahu akbar, shekara nawa ina karanta Iliya'u ban san daga ina take ba

Ɗan Zazzau: Na ji duka Malam, amma ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tun da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma a 1967 take ce mata Yahudiya da Samariya, kenan tsohon suna ya zama takardar fili? Mutanen da ke Al-Khalil kaka da kakanni fa?

Malamin Tarihi: Wannan kuma wata muhawarar ce, ni tarihin suna aka tambaye ni.

Ɗan Zazzau: Ai mai odiyon ba don tarihin suna ya yi shi ba, ka ma sani

Abban Hanifa: Bari in turo muku shi ku ji da kunnenku, minti 7 ne