"Tallan kuɗi caca ce": yadda zaure ya kaure da musu

Auta: Jama'a ni dai na gaji. Duk wanda ya ce muku ƙaramin shago na cin riba da tallan kuɗi a soshiyal midiya, ku ce masa ya ji tsoron Allah. Ɗan shagon dirofshifin gare ni, kwastoma ya yi oda, ni kuma in tura wa dila ya aika masa kai tsaye. Na zuba kuɗi a talla, ana ta dannawa, ana ta laik, oda kuwa shiru. Na canza hoto, na canza rubutu, na ƙara kuɗi, na rage, duk kanwar ja ce. Abin nan caca ce kawai, masu manyan jari ne ke cinye mu.

Dogo: Caca? Ƙanina ka iya bakinka. Mu da muke ciyar da iyali da wannan sana'a, 'yan caca ne ke nan?

Maman Biyu: To ai gaskiya ya faɗa. Ka sa kuɗi ba ka san ko za su dawo ba, mene ne sunansa?

Dogo: Hajiya, manomi ma yana zuba iri bai san ko damina za ta yi kyau ba. Shi ma ɗan caca ne?

Maman Biyu: Kar ka haɗa noma da wannan abu don Allah.

Mai Lissafi: Auta, bari in tambaye ka kafin a yi nisa. Ka ce ka yi ta canje-canje, to wataƙila nan cutar take. A tsarin Meta, wato kamfanin Facebook da Instagram, kowane rukunin talla yana da lokacin koyo, kuma yana buƙatar sakamako kusan 50 na abin da ka ce a nemo maka, kamar ciniki, cikin mako guda kafin ya daidaita. Duk sanda ka yi babban gyara, ka canza bidiyo ko mutanen da kake nema ko ka yi wa kuɗin babban tsalle, sai koyon ya koma farko. Mai ƙaramin jari da ya raba kuɗinsa gida biyar, babu rukunin da zai kai ko kusa da 50 ɗin. Gara ka haɗe su wuri ɗaya ka bar shi ya numfasa. Sannan wace manufa ka zaɓa? In ka ce a nemo maka masu dannawa, masu dannawa za a kawo maka, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, su danna su wuce. Ciniki ake zaɓa, kuma sai Pixel, wato ɗan lambar bibiya ta Meta, yana kan shagon yana ƙirga wanda ya biya. Maɓallin bustin (na biya a yaɗa rubutu) da ke ƙarƙashin rubutu bai ba ka ikon da Ads Manager, shafin Meta na tsara talla, ke bayarwa.

Baban Yara: Ni kalmar ce ta tsaya min a rai. Caca haramun ce. In ya ce caca ce, ya jefa mu duka cikin haram ke nan. Ya janye.

Auta: Baba ni ban ce haramun ba.

Baban Yara: Ka ce caca. Akwai caca ta halal ne?

Ɗan Birni: Ai tallan ma gwanjo ake yi a kansa, kowa ya taya, na'ura ta zaɓa. Gwanjo kuma ba caca ba ne.

Maman Biyu: Gwanjon da ba ka ganin abokin tayi? Wa ya ce maka ba mai kuɗi ake ba?

Mai Lissafi: Ba yawan tayi kaɗai ake dubawa ba, Hajiya. Ana haɗawa da ingancin tallan da kuma yiwuwar wanda aka nuna wa ya yi abin da ake so. Shi ya sa bidiyo mai kyau kan kayar da wanda ya fi shi kuɗi.

Maman Biyu: Su suka faɗa maka haka, kai kuma ka yarda.

Dogo: Ni na san wani yaro da ya fara da kuɗi kaɗan, yanzu ba ya iya ƙirga odarsa.

Ɗan Birni: Kullum "na san wani". Turo hoton allo mu gani.

Dogo: Sirrin mutum zan baza maka? Kai da ka koma TikTok me ka tsinana?

Ɗan Birni: Aƙalla can bidiyon da na ɗauka da waya yana tafiya. Tun da Apple ya fito da iOS 14.5 a watan Afrilun 2021, masu iPhone suka samu damar hana a bibiye su, lissafin Facebook ya rikice. Meta da bakinsu suka ce abin zai ja musu asarar kusan dala biliyan 10 a 2022.

Dogo: To TikTok ba a kan iPhone yake ba? Dokar ta tsallake shi ne? Son kai dai.

Ɗan Birni: Wanda ke karɓar kuɗin mutane yana kunna musu talla shi ne zai yi maganar son kai.

Dogo: Maimaita.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri, a bar gugar zana.

Mai Lissafi: Auta, ko kana nan? Ka yi wannan lissafin kafin ka sake sa ko sisi. In ribarka bayan kuɗin kaya da na aikawa da cajin biya kashi 25 ce cikin 100, to duk abin da ka kashe a talla sai ya dawo da ciniki ninki 4 kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. Masu dirofshifin da yawa ribarsu siririya ce, talla ko ya yi kyau ba zai ɗauke su ba. Kuma in ana dannawa ba a saye, ka buɗe shagon a wayarka ka gani. Yana saurin buɗewa? Kuɗin aikawa yana ɓoye sai a ƙarshe? Ka rubuta cewa kayan zai yi makonni a hanya, ko ka yi shiru? Ka leƙa Ad Library na Meta, rumbun tallace-tallacen da ake kunnawa, kyauta ne, ka ga masu sayar da irin kayanka da tallan da suka daɗe suna kunnawa. Wanda ya daɗe, da wuya a ce asara yake yi.

Baban Yara: Har yanzu bai janye ba fa.

Maman Biyu: Kar ka janye, ƙanina. Ina bayanka.

Auta: Ni fa shawara na zo nema.

Dogo: Shawara ake nema da zagin sana'ar mutane?

Auta: Yaya Dogo wa na zaga?

Shugaban Zaure: To, za mu rufe nan, ga abin da aka tsayar. Mafi yawan 'yan zaure sun amince talla ba caca ba ce, kuma ɗan'uwanmu Auta ya yi saurin baki, muna fatan zai gyara. An kuma fahimci cewa masu kukan asara yawanci su ne masu yi da kansu ba tare da ƙwararre ya riƙe musu ba, kamar yadda Malam Dogo ya yi bayani mai gamsarwa. Batun TikTok babu hujja a kansa. Mai Lissafi ya kawo wasu lambobi, mai lokaci ya koma sama ya karanta. Mai son a kunna masa talla yadda ya kamata ya tuntuɓe ni ko Malam Dogo ta akwatin sirri.

Maman Biyu: Mafi yawa su wa? Mutum uku na ƙirga, kuma biyu cikinku abokan kasuwanci ne.