Yarona na son mayar da tseren keken taɓo sana'a, in bar shi?

Baban Yara, Antwerp: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 17, yana koyon aikin lantarki a makarantar sana'a, shekara uku kenan yana tseren nan na cikin taɓo da yashi da suke cewa cyclo-cross, wanda in an zo tudu ko shinge sai ka saɓa keken a kafaɗa ka ruga. Yanzu kocinsu ya ce sai an ƙaro keke na biyu, shi kuma yana so ya rage zuwa makaranta ya kama atisaye gadan-gadan. Wasan daga Satumba zuwa Fabrairu ne kawai, to sauran watannin me zai ci? Wanda ya taɓa shiga harkar don Allah ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Alhaji, bar shi mana, ba ga Biniam Girmay ba ɗan Eritiriya, nan Beljiyam ya ci tseren keken Gent-Wevelgem a 2022

Mai Gyaran Keke: Girmay a kwalta yake gudu malam, ba ɗaya ba ne. Keke biyu kam dole, taɓo na toshe sarƙa da giya, sai yaro ya shigo wurin canji a miƙa masa wankakke wani na feshe ɗayan. Na hannu mai kyau za ka samu a Yuro 800.

Maman Samari: 800 a ina? Mu 2,000 muka biya na hannu, ban da tayoyi, na yashi daban na taɓo daban. Alhaji ni na yi wannan wahalar shekara huɗu da babban ɗana, duk Lahadi da asuba muna hanya, mahaifinsa na tuƙi ni ina riƙe da fulas ɗin shayi, ranar tseren garin Koksijde ba zan manta ba iskan teku na kaɗawa ni ce mai wankin keken har yatsuna suka tsage suna jini. Yana ƙarami yana shiga goman farko, da ya haye rukunin 'yan ƙasa da shekara 23 sai aka fara fitar da shi tun tseren bai ƙare ba, don in na gaba ya ba ka rata sosai cire ka suke yi. Kulob bai ɗauke shi ba, gwiwa ta lalace, takardar makaranta babu. Yau kwali yake ɗauka a sito. Kuɗi masu kauri da ake biyan mutum don ya fito tsere na manyan zakaru ne irin Van der Poel da Van Aert, su ɗin ma da bazara tseren kwalta suke yi.

Ɗan Damagaram: Hajiya Allah ya ba shi lafiya, amma kowa da rabonsa, kar a kashe wa yaro gwiwa

Maman Samari: Ƙanena ka taɓa tsayawa bakin fili cikin Disamba? In ba ka taɓa ba bar mu da muka sha sanyin mu yi magana.

Mai Gyaran Keke: Hajiya ke ma an tsuga miki kuɗi ne, ni nake sayar da su

Na Gaya: Ashe saɓa keke sana'a ce, mu da muke tsallake kwari da shi a ka duk damina kyauta 😂

Malamin Islamiyya: Ni abin da ke damuna Lahadin nan. Aji na yara 20 sai in tarar da 7, wannan ƙwallo wancan keke, kuma iyayen ne ke kai su da kansu.

Maman Samari: Malam ai mun roƙa a mayar da karatun zuwa Laraba da rana tunda makaranta na tashi da wuri, aka ce ba ɗaki

Malamin Islamiyya: Ɗakin hayarsa ake yi Hajiya, wata uku kenan mutum biyar ne kawai suka kawo kuɗinsu

Baban Yara, Antwerp: Nawa na biya Malam, duba littafin. To maganar rage makarantar fa?